SILON MOTA: YADDA AKE GANE CIWONSA DA YADDA AKE GYARA SHI

Gabatarwa

Akwai motar da take tafiya lafiya lau a kan hanya, amma da zarar an iso mararraba, direba ya ɗaga ƙafarsa daga kan totur, sai injin ya yi karkarwa ya mutu. Akwai kuma wadda take tsaye wuri ɗaya amma injinta yana ruri kamar ana tsere. Wata kuwa sai ta riƙa hawa tana sauka, kamar mai haki bayan gudu. Dukan waɗannan ciwon silo ne, kuma shi ne abin da za mu duba a cikin wannan darasi.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu ne. Idan inji ya mutu mota tana cikin kwana ko gangara, sitiyari mai aiki da famfon mai yakan yi nauyi nan take, birki kuma bayan an taka shi sau ɗaya ko biyu sai ya yi tauri, gama injin ne yake ba su taimako. Ga kuma zancen aljihu. Inji mai girman lita 2 yakan sha wajen lita 1 na fetur cikin awa guda yana tsaye, in kuwa silonsa ya hau sai shan ya ƙaru. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, babu gidan da zai ga ana ƙona mai a banza ya yi shiru. Saboda haka ɗalibai, malamai da iyaye masu mota, bari mu bi abin a hankali, mataki bayan mataki.

1. Mene ne silo?

Silo shi ne gudun da inji yake yi shi kaɗai, sa'ad da mota take tsaye, giya tana firi, ba a kuma taka totur ba. Ana auna shi da yawan juyin da karanshaf yake yi cikin minti ɗaya. Agogon da ke gaban direba, mai lambobi 1, 2, 3 har zuwa 7 ko 8, shi ne yake nuna wannan juyi, kowace lamba kuwa tana nufin dubu. Yawancin ƙananan motoci masu shan fetur, in sun yi zafi, silonsu yakan zauna tsakanin juyi 600 da 1,000. Da safe inji yana da sanyi yakan tashi zuwa 1,200 ko 1,500, sa'an nan ya sauko da kansa cikin 'yan mintoci. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka yi shi. Ainihin adadin da ya dace da kowace mota yana cikin littafinta, wani lokaci kuma a kan wata takarda da aka manna a ƙarƙashin bonet.

Bari mu yi ɗan lissafi domin mu gane dalilin da ya sa silo yake da saurin lalacewa. Injin mota mai bugu huɗu ne, irin wanda Nikolaus Otto na ƙasar Jamus ya ƙera a 1876. A cikinsa kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a cikin juyi biyu. Idan inji mai silinda 4 yana juyi 800 a minti, kowace silinda tana kama wuta sau 400, dukansu kuma sau 1,600, wato kusan sau 27 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ko da yake adadin yana da yawa a ido, a wurin inji tafiyar hawainiya ce. Ƙarfin da yake bayarwa a lokacin bai wuce abin da zai juya kansa da famfon ruwa da janaretan caji ba. Iskar da yake shaƙa kuma kaɗan ce ƙwarai. Don haka ɗan tsagewar tiyo da ba za a ji ta ba a kan babbar hanya, a silo ta isa ta rikita kome.

2. Abubuwa huɗu da inji yake bukata

Na farko iska, daidai gwargwado. Na biyu fetur, daidai da iskar. Awon da fetur yake ƙonewa sarai shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa ga nauyi. Na uku wuta mai ƙarfi a bakin fulogi, a daidai lokacinta. Na huɗu matsi a cikin silinda, wato fistin da zobbansa da bawul su riƙe iskar kada ta tsere. Duk wani ciwon silo, kome rikicinsa, daga ɗayan waɗannan huɗu yake fitowa, ko kuwa daga na'urar da aka sa ta riƙa daidaita su. Ɗalibin da ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

3. Hanyoyi uku na riƙe silo

A bakin hanyar da iska take shiga inji akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai juyawa. Shi ne totur yake buɗewa. In an saki totur, faifan yakan rufe kusan ruf. To, ta ina iskar silo take wucewa? Amsar ta dogara ga irin motar.

(a) Mota mai kafireta. Irin su Peugeot 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, da Volkswagen mai kama da kunkuru da aka haɗa a Legas. A nan wani sukuru yana tokare faifan kada ya rufe duka. Fetur kuma yana bi ta wani ɗan rami da ake kira jet ɗin silo, wani sukuru na biyu mai tsinin allura yana rage shi ko ya ƙara shi. Da sanyin safiya cok ne yake ƙara mai, yana kuma ɗaga silon.

(b) Mota mai nozul da wayar totur. A nan kwamfutar mota ce mai mulki. An yi wata 'yar hanya da ta kewaye faifan, aka sa mata bawul mai aiki da lantarki, wato bawul ɗin silo. Kwamfuta tana duba juyin inji, da zafin ruwa, da matsayin totur, da yawan iskar da ke shiga, sa'an nan ta buɗe bawul ɗin ko ta rage shi. In an kunna esi ko manyan fitilu, sai ta ƙara buɗewa domin inji ya ɗauki nauyin.

(c) Mota mai totur na lantarki. Yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa gaba haka suke. Babu waya tsakanin ƙafar direba da faifan, babu kuma bawul ɗin silo. Wani ƙaramin moto ne yake juya faifan bisa ga umarnin kwamfuta, shi ne kuma yake riƙe silon.

Kafin ka taɓa kome, ka san wace iri ce a gabanka, gama maganin wata guba ne ga wata.

4. Alamun ciwo da abin da suke nunawa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowace alama tana da inda take nuni.

Silo ya hau ya ƙi sauka bayan inji ya yi zafi: iska tana shiga fiye da kima. A tuhumi tiyon da ya tsage, wayar totur da ta ɗaure, cok da ya maƙale, bawul ɗin silo da ya tsaya a buɗe, ko kuwa kwamfuta tana zaton har yanzu inji yana da sanyi.

Silo ya yi ƙasa, inji yana mutuwa a tsaye: iska ko mai ya gaza. A tuhumi datti a bakin faifan totur, jet ɗin silo da ya toshe, bawul ɗin silo da ya cushe, ko famfon mai da ya raunana.

Silo yana hawa da sauka: kwamfuta tana ta ƙoƙarin gyara wani abin da ya fi ƙarfinta. Sau da yawa satar iska ce ko datti, wani lokaci kuma iska ce ta shiga cikin ruwan lagireto tana ruɗa sansar zafi.

Inji yana jijjiga, salansa tana tari: silinda ɗaya ba ta kama wuta, abin da kanikawa suke kira misin. A duba fulogi, wayoyinsa, kwayil, nozul da matsi.

Inji yana mutuwa sai in an kunna esi ko an murɗa sitiyari har ƙarshe: abin da ya kamata ya ɗaga silo domin ɗaukar nauyi ba ya aiki.

Mota tana karkarwa amma allurar agogo tana tsaye cik, sautin inji kuma sumul: wannan ba silo ba ne, robobin da inji yake zaune a kansu ne suka mutu.

5. Gargaɗi kafin a fara aiki

Wannan aiki ne da ake yi inji yana kunne, saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. A yi aiki a fili. Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum a rufaffen ɗaki.
2. A ja birkin hannu, a sa giya a firi, a tokare taya da dutse ko katako.
3. A naɗe hannun riga. Mai babbar riga ya tuɓe ta, mai gyale ya ajiye shi. Fanka da fambel ba su san mai gida ba. Fanka mai lantarki takan tashi da kanta ba zato.
4. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.
5. Kada a kawo taba, ashana ko fitilar kananzir kusa da fetur.
6. Ɗalibi kada ya yi wannan aiki sai da malami ko babban makaniki a kusa.

6. Binciken da ya shafi kowace irin mota

Mataki na farko tambaya ce. Yaushe abin ya fara? Da sanyi yake yi ko da zafi? An yi wani gyara kwanan nan? An cire batir? An wanke inji? A ina aka sha mai na ƙarshe? Sau da yawa amsar ɗaya daga cikin waɗannan ita ce take kai mutum ga ciwon. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na biyu, ido da kunne. A buɗe bonet a duba ko akwai tiyon da ya fita, wayar da ta saki, ko soket da ba a mayar ba. A taɓa wayar totur, ya kamata ta kasance da ɗan sassauci. A duba tabarmar da ke ƙarƙashin ƙafar direba ko ta danne totur.

Mataki na uku, matacin iska. A fitar da shi a ɗaga shi sama wajen rana. In haske ba ya ratsa shi, a canja.

Mataki na huɗu, batir da caji. A auna da mita. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 inji yana kashe, da kuma 13.5 zuwa 14.5 inji yana kunne. A tsabtace kawunan batir, a ɗaure wayar da ta haɗa inji da jikin mota. Wuta mai rauni takan ruɗa kwamfuta.

Mataki na biyar, satar iska. Bayan faifan totur, inji yana zuƙa da ƙarfi, saboda haka kowace kafa da ta samu a wurin sai iska ta kutsa ba tare da an auna ta ba. A saurara ko za a ji sauti kamar hucin maciji. Ana iya sa guntun tiyo a kunne, a riƙa bin mahaɗai da ɗaya bakin. Sa'an nan a matse ƙananan tiyoyi ɗaya bayan ɗaya da filaya, a lulluɓe bakinta da tsumma. Wanda aka matse silo ya canja, a bi shi har ƙarshensa. Ana kuma iya fesa ruwa kaɗan a mahaɗin manifol da inji, in sauti ya canja, gasket ɗin wurin ya mutu. Kada a fesa fetur. A kuma taka birki a riƙe, in silo ya rikice kuma ana jin huci a ƙarƙashin sitiyari, tukunyar da ke taimakon birki ce ta fashe a ciki.

Mai agogon awon zuƙa zai ga inci 17 zuwa 22 a inji mai lafiya a bakin teku, allura kuma tana tsaye. Adadin yana raguwa da wajen inci 1 a kowace ƙafa 1,000 ta tsayin ƙasa. A Jos, inda tsayin ya kai wajen mita 1,200, a rage kusan inci 4 kafin a yanke wa inji hukunci.

Mataki na shida, wuta. A kwance fulogai a jera su bisa ga silindarsu. Launin ƙasa-ƙasa mai haske lafiya ne. Baƙi busasshe kamar kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana shiga silinda. Fari fat kuwa mai ne ya gaza, ko zafi ya yi yawa. Domin gano silindar da ba ta aiki, a kashe su ɗaya-ɗaya: a tsohuwar mota a zare wayar fulogi da filaya mai hannun roba, a mota mai nozul kuwa a zare soket ɗin nozul. Silindar da aka kashe amma sautin inji bai canja ba, ita ce mai ciwon.

Mataki na bakwai, matsi. In an canja fulogi da kwayil amma silindar ba ta farfaɗo ba, a auna matsinta. Bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce wajen kashi 10 cikin 100. In ya wuce da yawa, aikin ya koma kan bawul, zobba ko gasket ɗin kan inji, kuma babu sukurun da za a murɗa ya warkar da shi.

7. Gyaran silo a mota mai kafireta

Kafireta ita ce ake yawan ɗora wa laifi, ita ce kuwa ya kamata a taɓa daga ƙarshe. A fara tabbatar da tazarar bakin fulogi, da ta kwantak a cikin dilko, wadda yawanci wajen milimita 0.4 ce, da taimin, da tazarar bawul. Kwantak da ya cinye yana canja taimin, taimin da ya canja kuwa yana canja silo.

Bayan haka a duba cok, ya kamata ya buɗe sarai in inji ya yi zafi. Kafiretoci da yawa suna da wani ɗan bawul mai waya ɗaya a gefe, wanda yake rufe man silo in an kashe mota. A murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a zare wayar a mayar, ya kamata a ji ƙas. In babu, motar za ta yi tafiya in an taka totur amma ba za ta taɓa tsayawa a silo ba. A kwance jet ɗin silo a wanke, a hura masa iska. Kada a soka masa allura ko waya, gama raminsa awo ne, in ya faɗaɗa ya lalace ke nan.

Ga yadda ake saiti:

1. A bar inji ya yi zafi sosai, a kashe fitilu da esi, matacin iska kuma yana wurinsa.
2. A murɗa sukurun da ke tokare faifai har juyi ya kai abin da littafin motar ya faɗa.
3. A shigar da sukurun mai a hankali har inji ya fara karkarwa, sa'an nan a dawo da shi baya, rubu'in juyi kowane lokaci, ana jira kaɗan, har a sami inda inji ya fi gudu kuma ya fi laushin sauti.
4. A koma ga sukuru na farko a saukar da juyin zuwa daidai.
5. A maimaita sau ɗaya ko biyu, a taka totur a saki a ga ko zai dawo wurinsa.

In za a fitar da sukurun mai gaba ɗaya, a fara shigar da shi a hankali ana ƙirga juyinsa, a rubuta, domin a san inda za a mayar da shi. Kada a ɗaure shi da ƙarfi, tsininsa yakan lalace. In kuwa an murɗa shi ciki da waje inji bai ko kula ba, akwai toshewa ko satar iska da ba a gano ba tukuna.

8. Gyaran silo a mota mai nozul

A nan sikana ita ce abokiyar aiki. Tun daga motocin 1996 dokar Amurka ta tilasta a sa wa kowace ƙaramar mota soket iri ɗaya mai ramuka 16 a kusa da sitiyari, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka bi a 2001 ga motocin fetur. Da yake yawancin motocin da muke saya daga can suke zuwa, sikana ɗaya tana karanta kusan dukansu. Ga lambobin da suka shafi darasinmu:

P0505: tsarin riƙe silo yana da matsala.
P0506: silo ya yi ƙasa da abin da kwamfuta take so.
P0507: silo ya yi sama da abin da take so.
P0171: iska ta fi mai yawa.
P0300: misin a silinda dabam-dabam. P0301 zuwa P0304 suna nuna lambar silindar.

A lura da kyau, lamba tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne kawai. Ba ta ce a sayi sabon kaya ba. P0507 yakan fito ko da bawul ɗin silo lafiyarsa ƙalau, in tiyo ya tsage.

Sikana mai kyau tana kuma nuna yawan man da kwamfuta take ƙarawa ko ragewa a kan awonta na asali. In a silo tana ƙara fiye da kashi 10 cikin 100, amma da aka ɗaga juyi zuwa 2,500 ƙarin ya sauko kusa da sifiri, satar iska ce. Dalili kuwa shi ne, iskar da ake sata babba ce in an gwada ta da 'yar iskar silo, amma ba kome ba ce in faifai ya buɗe. In kuwa ƙarin yana hawa ne sa'ad da juyi yake hawa, a duba famfon mai, matacin mai da sansar awon iska.

Wanke totur da bawul ɗin silo: a kashe mota, a cire babban tiyon iska. Za a ga baƙin danƙo a gefen faifan, wanda tururin baƙin mai da ƙura suka haifar. A goge shi da tsumma mai tsabta da maganin wanke totur. A kwance bawul ɗin silo, a wanke bakinsa da ramin da yake zama, ana riƙe da shi kansa a ƙasa domin kada magani ya gangara cikin motonsa. Kada a tura tsininsa ko a ja shi da ƙarfi. A mayar da sabon gasket. Sa'an nan a gwada: a kunna esi da manyan fitilu, allura ta ɗan nutse ta dawo nan da nan.

Akwai wani ɗan sukuru a jikin totur wanda masana'anta ta saita ta kuma shafa masa fenti. Kada a taɓa shi. Wanda ya murɗa shi domin ya ɗaga silo ya ruɗa sansar totur, garin neman gira ya rasa ido.

Sauran waɗanda ake tuhuma su ne: sansar zafin ruwa, wadda a motoci da yawa take nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen om 300 a digiri 80, sansar awon iska, mai siririyar waya da ba a taɓa ta da hannu, sai dai a fesa mata maganinta, bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji, wanda ya kamata ya kasance a rufe a silo, da bawul mai shan tururin tanki, wanda in ya maƙale a buɗe mota takan yi wuyar tashi bayan an sha mai.

Mai totur na lantarki kuwa, kada a sa yatsa a bakin faifansa makulli yana kunne, gama moton yana iya datse shi. Bayan an wanke shi ko an cire batir, kwamfuta tana bukatar ta sake koyon matsayin faifan. Waɗansu motoci suna koyo da kansu bayan an bar su a silo an kuma yi 'yar tafiya, waɗansu sai da sikana. Kowace masana'anta da tata hanya, sai a bi littafin motar.

9. Abubuwan da suka shafi ƙasarmu

Ƙurar hunturu: daga Nuwamba zuwa Fabrairu matacin iska yakan cika tun kafin lokacin da littafin mota ya faɗa. A riƙa duba shi kowane wata. Tafiya babu mataci kuwa kashe inji ne.

Cire tamostat: an saba cire shi da sunan wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Aikinsa shi ne ya riƙe ruwa har ya kai wajen digiri 82 zuwa 90. In babu shi, inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da sanyin hunturu, sai kwamfuta ta ci gaba da ɗaga silo tana kuma ƙara mai. In mota tana zafi, a wanke lagireto a duba fanka da famfon ruwa.

Gurɓataccen mai: fetur na jarka a bakin hanya yakan zo da ruwa ko tsatsa. A farkon shekarar 2022 ma an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima cikin Nijeriya, ya lalata motoci. In ciwo ya fara bayan shan mai, a zuba kaɗan a kwalba mai haske a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa.

Tsayin ƙasa: iskar Jos ta fi ta Legas sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100. Kafiretar da aka saita a bakin teku, in ta hau dutse, mai zai yi mata yawa, sai a sake saiti. Mota mai kwamfuta tana gyara wannan da kanta.

10. Misali

A ce an kawo mota mai nozul da wayar totur. Ta yi zafi amma silonta yana 1,300, sikana ta nuna P0507 da P0171. Wayar totur tana da sassauci, faifai yana rufewa. Sikana ta nuna zafin ruwa digiri 88, saboda haka tamostat da sansar zafi sun fita daga zargi. Kwamfuta tana ƙara mai kashi 18 a silo, kashi 3 a juyi 2,500. Wannan ya nuna satar iska. Aka bi tiyoyi da filaya, da aka matse wanda ya fito daga murfin kan inji sai juyi ya faɗo 800. Aka juya shi, ga tsaga a ƙarƙashinsa inda ido ba ya kaiwa. Guntun tiyo ya gama aikin da wani zai sayi bawul da sansa biyu a kansa.

Kammalawa

A fara da tambaya, a bi da ido da kunne, sa'an nan awo. A fara da mai araha kafin mai tsada. A canja abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, a kuma rubuta abin da aka yi. Mai mota ya canja baƙin mai, fulogi da matatai a kan kari, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa mota tana mutuwa a kan hanya, ko fitilar gargaɗi mai hoton inji tana ƙiftawa, a ajiye ta har a gyara kafin a ɗauki kowa a cikinta.

Tambayoyi domin bita

1. Inji mai silinda 6 yana juyi 700 a minti. Sau nawa yake kama wuta cikin minti ɗaya?
2. Me ya sa satar iska ta fi damun inji a silo fiye da a kan gudu?
3. Faɗi abubuwa huɗu da za a tabbatar da su kafin a taɓa sukurun kafireta.
4. Bayyana yadda cire tamostat yake ƙara shan mai.
5. Mota tana karkarwa a tsaye amma allurar agogon juyi ba ta motsi. Ina za ka fara dubawa, don me kuma?